Kwana Tara da Takardar Aure

Takardar tana kan teburin cin abinci, tsakanin kwanon shinkafa da ɗan farantin kimchi, jiƙaƙƙen kabeji mai yaji, an danne gefenta da cokali. Tun daga bakin ƙofar kicin Dasom ta gane ta. A can ƙasan jakar kayan wasanta ta ɓoye ta, ƙarƙashin doguwar rigar da take sawa a dandamali.

Mahaifiyarta, Dakta Yun, tana zaune cikin shirin fita aiki, ko taɓa abincin ba ta yi ba.

"Omma, jakata kika buɗe?"

"Rigarki na ɗauko zan kai wanki. Zauna."

Ta zauna a bakin kujera. Takardar rajistar aure ce ta ofishin gunduma. A sama ga sunanta, Bae Dasom, da rubutunta mai kwanciya. Kusa da shi ga na Pyo Mujin, makaɗin ganga a ƙungiyar wasan gargajiyar da take zuwa tun tana sakandare. Gurbin shaidu biyu ne kawai ba a cike ba.

"Su wa za su yi muku shaida?"

"Ba mu samu ba tukuna."

"Ashe dai da sauran masu hankali a Jeonju."

Dasom ta sunkuyar da kai. Wata biyu ke nan da ta cika shekara sha tara, doka ta ce ta kai, ba ta buƙatar sa hannun uwa ko uba. Ta sha maimaita wannan magana a gaban madubi. Yanzu da ranar faɗinta ta zo, sai ta kawo wata maganar daban.

"Saura kwana tara ya tafi soja, Omma. Wata goma sha takwas zai yi."

"Sai me? A kansa aka fara? Kowane namiji a ƙasar nan yana zuwa yana dawowa. In mahaifinki ya kira daga Ulsan me zan ce masa? Cewa 'yarsa ta bar karatun haɗa magunguna ta je tana wanke tukwane a shagon baban Mujin a Kasuwar Nambu?"

"Ba wanda ya ce zan bar karatu."

"Ba wanda ya ce komai, shi ne abin da ya ba ni tsoro. Ina za ku zauna? Me zai yi in ya dawo? Kun tattauna?"

Hawaye suka zubo wa Dasom. Dakta Yun ta kalle ta, ta sauke ajiyar zuciya, sannan ta miƙa hannu ta taɓa goshin 'yarta da yatsa biyu, kamar mai duba zazzaɓi.

"Ba zaginki nake ba. Shekara ashirin ina duba hotunan ƙwaƙwalwar yara irinki. Wannan sashen da ke bayan goshi, shi ne birki. Shi ke cewa tsaya, yi tunanin gobe. Shi ne kuma na ƙarshe wajen nuna, sai mutum ya doshi ashirin da biyar. Amma na can ciki, mai son daɗi da zumuɗi, tun kina sha uku ya gama ƙosawa. Mota ce mai sabon totur da birkin da ba a gama ɗaurawa ba."

"Da sunan Likita Sanguk ne a takardar nan, da birkin nawa ya ɗauru ko?"

Dakta Yun ta janye hannunta. Sanguk ɗalibinta ne, shekararsa ashirin da bakwai, ɗan gidan likitoci tun daga kakansa. Wata huɗu ke nan kowace Lahadi sai an gayyato shi cin abincin rana, kuma kowace Lahadi kujerarsa tana ƙara matsowa kusa da ta Dasom.

"Ko da sunansa ne zan ce ki jira."

"Amma ba da wannan fuskar ba."

Miya ta huce a kwano. Abin da ya ba Dasom haushi shi ne, duk da kukan da take yi, wani ɓangare na zuciyarta ya tsaya a kan maganar birkin yana juya ta. Tun tana ƙarama haka take, in aka ce mata abu yana cikin kwali sai ta buɗe ta gani.

Ta share ido da bayan hannu.

"Ana iya gani? Nawa, ba na yaran mutane ba."

"Ana iya gwadawa. Ki zo ranar Asabar."

"Da Mujin."

"Ai dole da shi," in ji Dakta Yun, tana ninke takardar tana sawa a jakarta. "Ba tare da shi ba gwajin ba zai yiwu ba."

* * *

Wasan da ƙungiyar take shiryawa tsoho ne, kakannin kakanni sun yi kuka a kansa. Labarin 'yar wani mai sayar da gishiri ne, 'yar shekara sha shida, da aka tura saurayinta gadin iyaka. Ta yanke gashinta, ta bi shi a ƙafa cikin dusar ƙanƙara, sanyi ya kashe ta a mashigin dutse. Washegari da hantsi shi kuma ya dawo gida ta hanyar kogi.

Dasom ce ke fitowa a budurwar. Ran Alhamis tana tsakiyar waƙar yanke gashi, Mujin yana zaune a tabarma yana bin ta da ganga, sai ta tsaya cak, ta sauke mafici.

Malam Gang, tsohon da ke koyar da su, ya ɗago kai daga kujerarsa.

"Kin manta baitin ne?"

"A'a, Malam. Tambaya ce da ni. Me ya sa ba ta jira gari ya waye ba?"

"Da ta jira, wa zai sayi tikiti?"

'Yan ƙungiyar suka yi dariya. Ita ba ta yi ba.

"Da gaske nake, Malam. Kwana ɗaya ne fa. Ba ta tambayi kowa hanya ba, ba ta ɗauki ko bargo ba. Son ne ya yi mata yawa, ko kuwa tunanin ne bai kai ba?"

Tsohon ya sosa gemunsa, ya daɗe yana kallon rufin ɗakin.

"Lokacin da na fara wasan nan ina saurayi, jaruma nake ce mata. Da na haifi 'ya'ya mata uku, na koma ce mata wawiya. Yanzu da na haura saba'in, in aka tambaye ni sai in ce shekararta sha shida."

"Wannan ai ba amsa ba ce."

"Ita ce da ni. Ɗauki maficinki."

Da aka tashi hutun rana, ta sami Mujin a matakalar baya. Ya kawo miyar tsiron wake daga shagon mahaifinsa, ya zuba mata a murfin kwano, ya tsame mata ƙwan da ke ciki. Dogo ne, mai manyan hannuwa, ga kanta a tafinsa saboda sandar kiɗa. Ta ba shi labarin duk yadda suka yi da mahaifiyarta.

Ya ajiye kwanon ya kalle ta.

"Ta yi kuka?"

"Omma ba ta kuka. Ni na yi na mutum biyu." Ta juya cokali a cikin miyar, ta kira shi da sunan ƙaunar da ta saba. "Oppa, wa ya fara kawo maganar auren nan, ni ko kai?"

"Ke mana."

"Kai ne. A bakin rafi, ranar da takardar soja ta zo."

"Ni cewa na yi ina tsoron in dawo in tarar an canza mini ke. Ke kika ce to a ɗaure abin."

"Na ce a ɗaure, ban ce ofishin gunduma ba."

"To wa ya tare tasi?"

Ita ta tare tasin. Daga bakin rafi zuwa sa hannu bai fi minti arba'in ba, kuma duk tsawon hanya dariya suke yi. Ta tuna yadda ƙirjinta ke bugawa, ta tuna daɗin da ta ji. Ta nemi wurin da ta tsaya ta yi tunani a cikin minti arba'in ɗin, ba ta samu ba.

"Kin fara da-na-sani ne?" ya tambaya a hankali.

"A'a. So nake kawai in san wace ce ta sa hannun."

* * *

Ranar Asabar Sanguk ne ya tarbe su a hawa na huɗu na asibitin da mahaifiyarta ke aiki, cikin farar riga, da allon rubutu a hannu. Ya gaishe da Dasom da murmushi, ya ɗan rusuna wa Mujin, rusunawar da ba ta kai ko'ina ba. Aka bar Mujin a benci a waje.

Suka cire mata 'yan kunne da abin ɗaure gashi, aka kwantar da ita, gadon ya zame da ita cikin bakin na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. A saman idonta akwai ɗan madubi mai nuna hoton titi. A hannunta maɓalli ɗaya.

Muryar Sanguk ta shigo ta abin kunne.

"Wasa ne mai sauƙi. Mota za ki kai ƙarshen titi kafin lokaci ya ƙare. Mahaɗa ashirin ce a gabanki. A kowacce fitila za ta koma rawaya. In kin danna kin tsaya, kin yi asarar daƙiƙa uku. In kin wuce, ko ki tsira, ko wata mota ta buge ki, ki yi asarar shida."

Na'urar ta fara ƙara kamar ana sassaƙa a cikin kanta. Dasom ta tuƙa motarta cikin natsuwa. Ta tsaya, ta tsaya, ta wuce ɗaya, ta tsaya. Har ta fara jin daɗi a ranta, tana cewa yau Omma za ta ji kunya.

"Zagaye na biyu," in ji Sanguk. "Titin ɗaya ne. Sai dai yanzu Mujin ya shigo, yana nan kusa da ni, yana ganin duk abin da kike yi."

"Dasom-a, ina kallo," ta ji muryarsa, ɗan nesa da abin magana.

Ta yi murmushi ita kaɗai a cikin ramin. Fitila ta farko ta koma rawaya, ta ga ai za ta iya. Ta wuce. Ta biyu ma ta wuce. A ta uku wata jar mota ta fito ta buge ta, gilashin hoton ya tsage. Ta ciji leɓe, ta ce bari ta rama lokacin da ta ɓata.

Da aka fito da ita, Dakta Yun tana tsaye gaban babban allo, ta harɗe hannuwa.

"Ke kaɗai, kin tsaya sau goma sha bakwai cikin ashirin, ba a buge ki ko sau ɗaya ba. Yana kallo, kin tsaya sau shida. An buge ki sau bakwai."

"Bakwai?"

"Zo ki gani."

Hotuna biyu ne na kanta, an yanka ta gefe kamar kankana. A na farko akwai ɗan haske a bayan goshi. A na biyu can tsakiya ne ya kama, jajawur kamar garwashi.

Dasom ta matso har hancinta ya kusa taɓa allon. Ta yi zaton za ta ji haushi, sai ta ji tsigar jikinta ta tashi. Ta kai yatsa kan jan wurin.

"Nan ne? Nan yake?"

"Nan ne ke kunnuwa in yana kusa."

"Amma ban ji na canza ba, Omma. A raina duk daidai nake tuƙi."

"Na sani," in ji Dakta Yun, muryarta ta yi laushi. "Ba wanda ke ji. Shi ya sa nake tsoro."

Idon Dasom ya kawo ruwa. Wannan karon ba ta san ko na mene ne ba.

Mujin, wanda tun ɗazu yake tsaye a lungu yana murza hularsa, ya yi gyaran murya.

"Dakta, ko ni ma zan iya gwadawa?"

"Ba a shirya maka na'urar ba."

"Wasan kawai. A kan tebur ma ya isa."

Sanguk ya kalli malamarsa. Ta ɗaga kafaɗa. Aka fitar da Dasom baranda, aka rufe ƙofa. Bayan minti goma aka kira ta, aka ce ta tsaya a bayan kujerarsa. Ta ga wuyansa ya jiƙe da gumi. Fitila ta koma rawaya, ya tsaya. Ta gaba ma ya tsaya. Lokaci yana ta ƙarewa a saman allon, shi kuwa ko a jikinsa.

"Oppa, wuce mana, ai da sauran tazara."

Bai wuce ba.

Sanguk ya daɗe yana duba lissafin. Ya cire tabarau ya goge ya mayar. Ana ganin ba ya son faɗa, amma ba mutum ne mai ɓoye sakamako ba.

"Malama, nasa a juye yake. Shi kaɗai, ya wuce sha huɗu, an buge shi sau takwas. Da ta shigo, ya tsaya a duka ashirin."

Dakta Yun ta karɓi allon ta duba da kanta.

"Da gangan ka yi, don ka burge ni?"

"A'a, Dakta. Ni ma ban san zan yi haka ba." Ya miƙe tsaye, ya haɗa hannuwa a gaba. "Da ina ni kaɗai, wasa ne. Da na ji ta a bayana, sai na ga kamar tana cikin motar."

Dakta Yun ta kalle shi daga sama har ƙasa, kallon da ba ta taɓa tsayawa ta yi masa ba a shekara biyu.

"Mutum ɗaya ba ya rushe bincike," ta ce. "Amma ban cika ganin irinka ba."

Zuciyar Dasom ta yi fari. Ta juya za ta ce wa mahaifiyarta to ga shi nan, sai ta ga Mujin ya rusuna sosai, har kansa ya kusa kai gwiwa.

"Dakta, takardar nan tana wurinki. Ina roƙon ki ci gaba da riƙe ta har in dawo. Ban da ɗaki, ban da sana'ar da ta wuce ganga da tukunyar babana. Tsoro ne ya sa na sa hannu, kada wani ya riga ni." Bai kalli Sanguk ba, amma kunnen Sanguk ya yi ja. "In na dawo ta ce har yanzu ni ne, zan zo ta ƙofar gaba in nema."

Dasom ta juyo gare shi.

"Me ka ce?"

"Dasom-a, tun ran Alhamis nake tunanin…"

"Tun ran Alhamis? Ka zuba mini miya, ka tsame mini ƙwai, ka tambaye ni ko na yi da-na-sani, alhali kai ne ke yi?"

"Ba da-na-sani ba ne."

"Kwana uku ba ma magana da Omma a gida saboda kai. Na shiga cikin ramin can aka leƙa kaina saboda kai. Da za mu sa hannu mu biyu muka sa. Da za a janye, kai kaɗai ka ishi kanka, a gaban mutane?"

"Na ji tsoron in na faɗa miki mu biyu, za ki kalle ni in fasa."

"To ai ga shi na kalle ka."

Hawaye suna gudu a fuskarta, ba ta share ba. Ta juya ga mahaifiyarta.

"Kin samu abin da kike so, Omma. Amma ba ke kika ci ba, shi ya ba ki."

Dakta Yun ba ta ko juyo ba. Mujin take kallo har yanzu, kamar ta tsinci wani abu a inda ba ta zata ba.

"Ka ci abincin rana?" ta tambaye shi.

Wannan tambayar ce ta ƙarasa Dasom. Ta fice, ta bar ƙofar a buɗe, ta sauka hawa huɗu a ƙafa ba ta jira lif ba.

A waje iska tana kaɗa ganyen da ya zube a harabar asibitin. Sai da ta kai bakin ƙofar fita ta tuna ta baro kwat ɗinta a sama. Ta tsaya ta rungume hannuwa. Da ta ji takun gudu a bayanta, ta riga ta shirya abin da za ta ce wa Mujin, da wanda ba za ta yafe ba.

Ta juya. Sanguk ne, da kwat ɗin a hannu, yana haki.

"Za ki yi mura."

"Na gode, Likita."

Bai saki kwat ɗin nan da nan ba.

"Ya yi abin da ya dace, ba zan rage masa ba. Amma wata goma sha takwas ba kwana biyu ba ne, Dasom. Ba don Malama nake zuwa gidanku ran Lahadi ba. Tun zuwan farko ba don ita ba ne. Ina so ki san ina nan."

Dasom ta tsaya tana kallonsa da jajayen idanu. Sai kukan ya tsaya mata, wannan halin nata na son buɗe kwali ya motsa.

"Likita, shekararka nawa?"

"Ashirin da bakwai."

"Ke nan naka birkin ya ɗauru tun shekara biyu da suka wuce."

"Haka binciken ya nuna."

"To me ya sa ka zaɓi yau? Minti biyar da rabuwata da shi, hawayena bai bushe ba, a bakin ƙofa, kana haki. Ka zauna ka yi tunani ka ga yanzu ne ya fi dacewa?"

Sanguk ya sunkuyar da kai. Jan da ke kunnensa ya gangaro har wuya.

"Ban shirya ba," ya ce daga ƙarshe. "A matakala abin ya zo mini."

Ta zare kwat ɗin daga hannunsa a hankali, ta sa. A bayansa ƙofar gilashi ta buɗe, Mujin ya fito yana waige-waige, hannunsa babu takarda. Ya hango su, ya ja ya tsaya a kan matakala.

Dasom ta ɗaura maɓallan kwat ɗinta ɗaya bayan ɗaya har wuya, ta kalli wannan, ta kalli wancan.

"Kada wanda ya biyo ni," ta ce. "Tunani zan je in yi, kuma ba na so kowa yana kallo."